Maganar Jarrabawar 'Yan Lakwal

(Jawabin da wani ɗan'uwa, ƙaramin malamin makaranta, ya yi a taron reshe na Alasan Mairairai. Mun buga shi domin a karanta wa jama'a a sauran rassa na ƙasar Mayahi da ta Tasawa.)

Shugaban taro, iyayena dattawa, iyayena mata, 'yan'uwana samari, ina gaishe ku da zuwa, da wanda ya tako da ƙafa da wanda ya hau amalanke. Ni dai kun san ni, yaronku ne, aikina alli da allo, ban saba tsayawa gaban manya ba. In na yi tuntuɓen harshe a gafarce ni.

Magatakarda ne ya ce in zo in yi bayani a kan jarrabawar 'yan lakwal, domin maganar ta yi yawa a gari. Tun da aka dawo da satifika ba ni da sakat ran kasuwa. In na tsaya sayen gishiri sai wani ya kamo rigata, ya ce, "Mushe, an kafa takarda, ban ji an kira sunan yarona ba." Wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba, ya tare ni a rumfar masu goro ya ce mani, "Na ba ku yaro shekara shida, na hana shi kiwo, na hana shi gona, kun maido mani shi ba kiwo, ba noma, ba karatu. Wa zai biya ni?" Ran nan ban sami abin ce masa ba. Na koma gida na yi ta juya maganar, na nemi takardun da hannuna ya kai gare su, na karanta. Amsar da na kasa ba shi a kasuwa ita ce na kawo yau, gaban kowa.

Mu fara da ita satifikar, mu san inda ta fito. Gadon Nasara ce. A shekarar 1924 babban gwamnan Faransa mai mulkin Afirka ta Yamma, Jules Carde, wanda ke zaune a Dakar, ya sa hannu a kan doka cewa ba a yin wani harshe a makaranta sai Faransanci. A taron Burazabil na 1944 suka sake ƙarfafa wannan doka. To, Nasara bai gina lakwal don kowa ya iya karatu ba. Bukatarsa akawu ne, da tafinta, da malamin asibiti, da mai buga waya, kaɗan-kaɗan, gwargwadon kujerun da ke cikin ofis. Sabo da haka ya saƙa jarrabawarsa kamar rariya mai ƙananan idanu, mafi yawa su tsaya a sama, 'yan kaɗan su zuba ƙasa. Tsofaffin da suka yi ta sun ba mu labarin dikte, watau malami yana faɗa yaro yana rubutawa. Kuskure 5 sifiri ne, sifirin dikte kuwa yana kada yaro ko da ya cinye lissafi duka. Wanda ya tsallake sai ya wuce Yamai, in ya yi zarra a can a tura shi makarantar William Ponty a ƙasar Senegal. A wannan makaranta Bubu Hama ya yi karatu, da Jori Hamani, da Jibo Bakari, dukansu malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa. Muna alfahari da su. Amma ku ƙidaya waɗanda aka bari a baya: ranar da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, cikin yara 100 da suka isa shiga makaranta ko 5 ba su kai ba waɗanda ke cikinta.

Da muka karɓi ƙasa sai muka sake tuta, muka sake wa takardar suna, ta zama CFEPD, watau shaidar ƙare karatun matakin farko, wadda yaro ke zama a ƙarshen aji shida. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da kumandan bai taɓa takawa ba. Wannan abin godiya ne. Sai dai rariyar tana nan yadda aka saƙa ta, da harshenta, da diktenta. Yanzu muna so kowane ɗan talaka ya wuce ta cikin abin da aka yi musamman don ya tare shi.

Daga shekarar 2014 gwamnati ta daina yin satifika. Aka ce makin da yaro ya samu a jarrabawar cikin aji, ta kowane wata uku, shi zai nuna ko ya wuce kwaleji. Shekara goma ana haka, sai a 2024 aka maido da ita. Na ji masu yabon sokewar, na ji masu yabon maidowar. Ni ra'ayina, gara da aka maido. In malami shi ne mai koyarwa, shi ne mai tambaya, shi ne mai ba da maki, ga uban yaro maƙwabcinsa ne, ga direkta yana so a ce makarantarsa ta yi ƙoƙari, to, kun san yadda hannu zai yi laushi. Malaman kwaleji sun yi ta kuka a shekarun nan cewa ana turo masu yaran da ba su iya karanta abin da aka rubuta a allo ba. Amma ku lura da wani abu, 'yan'uwa. Jarrabawa tiya ce. Wanda rumbunsa ya yi rabi, in ya fasa tiya hatsi bai ƙaru ba, in ya sayo sabuwa ma bai ƙaru ba. Mun fasa a 2014, mun sayo sabuwa a 2024, gardamar duk a kan tiya ta tsaya, ba wanda ya leƙa gona.

Akwai wata jarrabawa da yawancinku ba ku ji labarinta ba, domin ba a kafa takardarta a bango, ba ta kuma ba yaro shaida. Ministocin ilmi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da ƙungiya a Dakar, ita ke aiko da wannan awo, sunansa PASEC. Ba kowane yaro a ke tambaya ba. Yadda mai sayen wake ya ke soka hannu cikin buhu nan da can ya ɗebo ya duba, haka su ke zaɓen makarantu a birni da ƙauye, su gwada 'yan aji biyu da 'yan aji shida a karatu da lissafi, tambaya iri ɗaya ga dukan ƙasashen. Suna da wani mataki da suka ce wanda ya kai shi zai iya ci gaba da karatu ba tare da wahala ba. Ba matakin gwanaye ba ne, na wanda ya karanta gajeren labari ya gane abin da a ke nufi ne.

A 2014 ƙasashe 10 aka auna, Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin 'yan aji shida 100, waɗanda suka kai matakin a karatu ba su cika 9 ba. A lissafi ba su cika 8 ba. Ku maimaita wannan a zuci. Yara ɗari sun yi shekara shida suna sammako, fiye da casa'in ba su kai ba. Baba mai tambaya, ka ji, ɗanka ba dakiki ba ne, ba kuma sammu aka yi masa ba. Abin da ya same shi ya sami yaran ƙasa daga Yamai har Diffa.

A 2019 aka sake awo, wannan karo ƙasashe 14. Gaskiya ita ce an sami ci gaba, kada mu ɓoye alheri: a karatu wajen 30 cikin 100 suka kai, a lissafi sun ɗan haura 20. Wanda ya tashi daga 9 zuwa 30 ya yi tafiya. Amma har a wannan awo na biyu, yara 7 cikin 10 suna barin aji shida ba su kai ba, kuma kun san in an raba wannan lissafi tsakanin 'yan birni da 'yan ƙauye, ba mu ne za mu ɗauki kashi mai tsoka ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Bari in faɗi abin da na ke gani da idona a cikin aji, in fara da babba.

Yaro ɗan shekara bakwai ya zo mani ran farko. Ya iya magana sarai. Ya san sunan kowace ciyawa a dajin nan, ya san tatsuniya, ya san kacici-kacici, in ka aike shi gidan surukinka zai kai saƙo bai rage ko kalma ba. Ya shigo aji, sai in buɗe baki in yi masa wani harshe da bai taɓa ji ba, ba a gida ba, ba a kasuwa ba, ba a masallaci ba. A wannan harshe kuma na ke so ya koyi karatu. Watau kaya biyu na ɗora masa a lokaci guda: ya koyi yadda baƙaƙe ke zama magana, ya kuma koyi maganar kanta. Ko jaki aka yi wa haka sai ya durƙusa.

Faransanci kuwa ba ya tausayin mai koyo. Ku duba kalmar ruwa. A Hausar boko baƙi huɗu ne, r, u, w, a, kowanne yana faɗin kansa, yaro ya haɗa su sai ya ji abin da ya sha da safe, ya yi dariya, ya gane cewa ashe takarda magana ta ke yi. A Faransanci ana rubuta e, a, u, a karanta "o", alhali babu "o" ko ɗaya a ciki. Yaro ya haddace, ya faɗa, bai san ruwa a ke nufi ba. Haka zai yi ta haddacewa. Akwai yaran da in na buɗe shafin da muka yi jiya za su rera shi daga sama har ƙasa kamar waƙa, in na rufe hoton na nuna kalma ɗaya a tsakiya sai su yi shiru. Sufeto in ya zo ya ji rerawar sai ya ce aji yana tafiya. Ran jarrabawa takarda sabuwa ce, babu waƙa.

Lissafi ya fi ba ni haushi, domin a nan ne na san yaranmu gwanaye ne. Akwai wata yarinya a ajina, tana yi wa uwarta talla. Na rubuta a allo da Faransanci: mutum ya sayi tiya 3 ta hatsi, kowace tiya 750 F, nawa zai biya? Ta zura wa allo ido, ta kwafe tambayar tsaf da kyakkyawan rubutu, ba ta rubuta amsa ba. Da aka tashi na kira ta, na ce, "Tiya uku, kowace dala ɗari da hamsin, nawa ke nan?" Kafin in rufe baki ta ce, "Jikka biyu da hamsin, Mushe." Daidai ne, 2,250 F ke nan. Kun gani, mu da dala mu ke ƙirga, dala ɗaya tamma 5, jikka dala 200. Takardar jarrabawa da tamma ta ke ƙirga. Yarinyar nan kullum tana yin lissafin da ya fi na allo wuya, a ka, cikin hayaniyar kasuwa, ba ta taɓa maido wa uwarta kuɗi da giɓi ba. A takardata kuwa sifiri ta samu. Ku gaya mani, wa wannan sifiri ya auna, ita ko mu?

Ni kaina na sha wannan. Sa'ad da na ke ɗan lakwal akwai abin da a ke kira sambol, wani ƙashi ne da igiya, duk wanda aka ji ya yi Hausa a farfajiya sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa. Wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Nasara ya tafi tun kafin a haifi ubana, amma ƙashinsa ya iske ni. Abin da ya koya mana shi ne yin shiru da tsegumin juna.

Kada ku ce wannan zancen ƙaramin mushe ne kawai. Cikin ƙasashe 10 ɗin nan na 2014 akwai Burundi, ƙasa ce matalauciya kamar tamu, ba ta da teku kamar tamu, ta sha yaƙi ma. Su a azuzuwan farko da harshensu su ke koyarwa, Kirundi, da shi kuma aka gwada 'yan aji biyunsu. Wajen 79 cikin 100 suka kai mataki. Namu 'yan aji biyu, da aka gwada da Faransanci, wajen 10. Ba na ce harshe ya gama komi ba, domin su ma Burundi 'yan aji shidansu sun ja baya a awon 2019, kuma su harshe ɗaya gare su, mu namu da yawa. Amma tsakanin 79 da 10 akwai nisan da ba a rufe shi da gardama.

Ba ma sai mun je Burundi ba. 'Yan'uwanmu na Katsina da Kano tun zamanin Ingilishi da Hausa su ke fara karatun boko, har suna da jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun 1939. A nan gida kuma an gwada. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana fara koyarwa da Hausa, Faransanci ya shigo daga baya sannu-sannu. Aka ƙara wasu da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci, da Barbarci. Dokar ilmi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kuma sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To, madalla. Amma fiye da shekara hamsin ke nan daga Damagaram, ana ta kiran abin gwaji. Tuwon da aka shekara hamsin ana ɗanɗanawa, yaushe za a zuba wa yara? Doka a takarda ba ta zama littafi a hannun yaro sai an buga littafin, an kawo shi nan, an kuma koya wa malami yadda zai yi aiki da shi. Domin jin Hausa dabam, iya rubuta ta daidai da koyar da ita dabam. Da yawa cikinmu malamai ba a taɓa nuna mana inda a ke sa ƙugiya a kan ƙ da ɗ ba.

Na san abin da waɗansunku ke faɗa a zuci, domin an faɗa mani a fuska. Wani ya ce, "Mushe, Hausa ai a gida ya iya ta, ni don Faransanci na kawo shi. Manya suna kai nasu 'ya'ya makarantar kuɗi a Maraɗi da Yamai suna koyon harshen ofis, mu a bar namu da Hausa don su dawwama a gona." Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba, talaka ya sha ganin an ba shi ƙashi an ce nama ne. Amma ka duba abin da ke hannunka yau. Shekara shida da Faransanci zalla, yaron ya iya Faransancin? Bai iya ba, bai kuma iya rubuta maka wasiƙa da Hausa zuwa ga ɗan'uwanka da ke cin rani a Libiya ba. Karatu sau ɗaya a ke koyonsa. Wanda ya gane yadda baƙaƙe ke haɗuwa a harshen da ya ke ji, in an kawo masa Faransanci kaya ɗaya ya rage masa. Mu abin da mu ke nema a koya masa duka biyu, kowanne a lokacinsa, jarrabawa kuma ta tambaye shi a cikin abin da aka koya masa. In kuwa aka ba 'ya'yanmu Hausa aka hana su Faransanci mai kyau a manyan azuzuwa, ni ne na farko da zan tsaya nan in ce an cuce mu. Haka kuma 'ya'yan Fulani da na Buzaye da ke rugage da zango a arewacinmu, abin da mu ke nema wa namu shi za mu nema masu da nasu harshe, kada mu zama sabon Nasara a kansu.

Sai maganar kwanaki. A takarda ana buɗe makaranta farkon Oktoba a rufe a Yuni, wata tara ke nan. A ƙauye fa? Ajin da yawancinmu ke koyarwa rumfar kara ce. Kara ba ya samuwa sai an girbe hatsi, an ɗaure, an kai rumbu. Yara kuma suna gona wajen roron wake. Kafin a kafa rumfa, a yi zana, a tattaro yara, Nuwamba ta yi nisa, wani wuri ma har Disamba. Hunturu ya shigo, iska ta cika allo da rairayi, kun san sunan garin nan ba banza aka sa shi ba. Bazara ta zo, rijiya ta yi nisa, 'yan mata suna bakin guga tun asuba. Ran kasuwa rabin aji ba ya nan. Hadarin farko ya taso ya kwashe rumfar, uba ya ce a fito shuka. Ku ƙara da yajin aiki, da kwanakin da malami ke tafiya neman albashinsa da ya makara. In kun cire duk wannan daga wata tara, abin da ya rage shi ne karatun ɗanku. Amma takardar jarrabawa ɗaya ce da ta yaron da ke zaune a ajin siminti a Yamai tun ran ɗaya ga wata. Rumfar nan kuma ba kwanaki kaɗai ta ke ci ba. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a azuzuwan kara a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta kashe fiye da 20 a cikin garin Maraɗi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Yanzu in juyo da wuƙa kanmu, mu malamai, don kada a ce na share ɗakin kowa na bar nawa. Tun ƙarshen shekarun 1990, da aka so yawaita makarantu da kuɗi kaɗan, aka shiga ɗaukar 'yan kwantaragi, da yawa ba tare da horo mai tsawo ba, albashi ƙanƙane. A watan Yuli na 2017 gwamnati ta yi wa dubban 'yan kwantaragi jarrabawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka sami rabin maki. Ni lokacin ban shiga aiki ba, amma kunyar ta shafe ni. Ƙungiyoyin malamai sun yi fushi da yadda aka yi abin, suna da hujjarsu, domin wanda ya ɗauke ka bai horar da kai ba, ya tura ka daji ba littafi, bai kamata ya zo bayan shekara goma ya yi mamakinka ba. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, wanda bai iya ba ba ya koyarwa. Akwai kuma cikinmu mai zuwa Talata ya koma Alhamis. Wannan ba shi da hujja ko kaɗan, kuma ku ne kuke ganinsa, sufeto yana Mayahi.

To, me reshe zai yi? Ba mu ne ke buga littattafai ba, ba mu ne ke biyan albashi ba. Amma ƙidaya tana hannunmu. Ina roƙon kowane reshe ya sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙe ɗan littafi, ko ma igiya su riƙa ƙulli, su san kwana nawa aka buɗe aji daga Oktoba zuwa Yuni, kwana nawa malami ya zo, ran da aka rufe kuma me ya sa. Ba don a tozarta kowa ba. Ƙarshen shekara mu kai wannan lissafi gaban kwamitin makaranta, wanda ku ke kira Kojes, mu kai wa sufeto, mu aiko wa wannan takarda tamu ta buga, ƙauye da ƙauye, daga nan har Isawan da Kanembakashe da Urafan. Sa'an nan in an karanta mana sakamakon satifika, mu ma mu karanta masu namu. Kwamitin nan kuwa naku ne, ku daina barinsa ga mutum uku su zauna su sa hannu. Iyayena mata, ku shiga, domin ku ne kuka san dalilin da ya hana yarinya zuwa.

Maganar rumfa kuma, ba a fafe gora ran tafiya. Karan farko da aka yanka a ware na makaranta, a yi gayya kamar yadda a ke yi wa gonar mai gari, rumfa ta tsaya kafin Oktoba ta yi rabi, a nesa da murhun masu tuya. Inda hali ya yi a buga tubali a ɗaga aji ɗaya na ƙasa kowace rani, a fara sa ƙanana a ciki. Mu kuma rubuta takarda da sunan rassan Mayahi da Tasawa gaba ɗaya, mu nemi a kawo littattafan Hausa na aji ɗaya da aji biyu a kowace makaranta, a tara malamai lokacin hutu a koya masu aiki da su. Dokar 2025 ta ba mu bakin magana, mu yi amfani da ita tun tana da zafi.

Abu biyu na ke roƙo ku bari. Kada wanda ya je ya nemi a taimaki ɗansa a ɗakin jarrabawa, ko da kuɗi ko da sanayya. Yaron da aka tura kwaleji bai iya karatu ba zai yi shekara ɗaya ko biyu a wani gari yana cin hatsinka, a koro shi, ya dawo ya fi da baƙin ciki. Kuma kada a doki wanda ya faɗi, kada a ce yarinya ta faɗi sai aure. Kun ji alƙaluman da kunnenku. Ku bar su su sake shekara, mu kuma ku tsare mu da tambaya.

Kada ma ku jira Yuni kafin ku san halin da ɗanku ke ciki. Ko ba ka yi boko ba kana iya auna shi. Ka faɗi magana gajera, ka ce ya rubuta da Hausa, ka kai wa wani yaro a wata unguwa ya karanta maka. In abin da ka faɗa ya dawo kunnenka, to, akwai karatu. In bai dawo ba, ka zo ka same ni tun yana aji biyu, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Ran kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, zan zauna a ƙofar makaranta da allo da alli, na kuma roƙi abokan aikina biyu su zo. Kowa ya kawo nasa, da wanda ke lakwal da wanda ya bari, mu gwada su ɗaya-ɗaya a gaban iyayensu, mu raba su gwargwadon abin da suka iya, mu fara karatun dare da Hausa sau uku a mako. Fitila da batir mu ke nema daga reshe, shugaba ya ji. Baba mai tambaya, kai ma ka turo naka. Shekara shidan da suka wuce ba ni da abin biyanka, amma ka ba ni shi daga yanzu zuwa shuka, in Allah ya yarda shi zai karanta maka wasiƙar da za ta zo daga cin rani.